Ƙarfe da wanda ba ƙarfe ba: mun ba yara hadda, mun hana su dalili

Duk wanda ya taɓa zama a ajin kimiyyar sinadarai ya san wannan darasin. Malam zai shigo, ya ja layi ɗaya daga saman allo har ƙasa, ya rubuta "ƙarafa" a hagu, "waɗanda ba ƙarafa ba" a dama, sannan ya shiga jerowa. Ƙarafa suna ƙyalli, suna da tauri da nauyi, wutar lantarki da zafi na bi ta cikinsu, in an buge su sai su baje, in an ja su sai su zama waya, in an ƙwanƙwasa su sai su yi amo, kuma ba sa narkewa sai da zafi mai tsanani. A ɓangaren dama kuwa ba wani aiki, kowane layi sai a juya shi a saka masa "ba". Yara su kwafa, su haddace, ranar jarrabawa su amayar, a ba su maki. Na yi shekaru ina jan wannan layin da hannuna, saboda haka in na ce hanyar ba ta da kyau, da kaina na fara.

Abin da ya sa na soma shakkar kaina ya faru ne ranar da na ga dama na shigo aji da batir biyu, ƙwan tocila da guntayen waya. Ban yi niyyar wani abu mai zurfi ba, so nake kawai in tabbatar musu da abin da na riga na rubuta. Muka haɗa wayoyin muka bar giɓi a tsakiya. Aka sa ƙusa a giɓin, ƙwai ya kama. Aka sa makulli, ya kama. Aka sa roba, shiru. Alli, shiru. Tsinken ashana, shiru. Komai na tafiya yadda littafi ya faɗa, ni kuma sai gyaɗa kai nake kamar ni na ƙirƙiro lantarki. Can sai wata yarinya daga layin baya, wadda ba ta cika magana ba, ta fere ɗan guntun fensirinta gaba da baya, ta zo ta dangwala waya ɗaya a wannan tsinin, ɗaya a wancan. Zaren da ke cikin ƙwan ya yi ja. Ja ne mai rauni, kamar garwashin da ke shirin mutuwa, amma kowa ya gani.

Ta ce, "Malam, bakin fensir ƙarfe ne?"

Na ce, "A'a, kabon ne, dangin gawayi. Sunansa girafayit."

"To Malam, ai ga shi ya kawo wuta."

Na dubi allo, na dubi agogo, na ce mata, "Wannan togaciya ce. Koma ki zauna, ki rubuta a ƙasan jadawalin: ban da girafayit."

Ta koma ta rubuta. Na tabbata ta ci wannan tambayar a jarrabawa. Amma yarinyar nan, da rezarta da guntun fensirinta, ta yi abin da ake kira kimiyya: ta ɗauki magana ta gwada ta a kan abin da ba a kawo misali da shi ba, ta ga maganar ba ta tsaya ba, ta tambayi dalili. Ni kuwa da aka ɗauka aiki don in ba da dalilin, sai na ba ta kalma biyu ta rufe baki da su.

Wannan "ban da" ɗin ita ce damuwata. Ka bi jadawalin layi-layi ka ga ko akwai guda ɗaya da ya tsira. An ce ƙarafa daskararru ne, ban da zaiba, wadda ruwa-ruwa take sai sanyi ya kai kusan digiri 39 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas. An ce suna da tauri da nauyi, ban da sodiyam da fotasiyam, waɗanda ake yanka su da wuƙa kamar sabulu, kuma in aka jefa su a ruwa yawo suke a sama. An ce sai zafi mai tsanani ke narka su, alhali galiyam na narkewa a digiri 30, wato ɗumin tafin hannunka ya ishe shi, shi kuwa tangistin sai an kai digiri 3422. Ta yaya za a ce abu biyu da ke da irin wannan tazara a tsakaninsu "siffa ɗaya" gare su wajen narkewa? A ɗaya ɓangaren ma haka. An ce waɗanda ba ƙarafa ba ba sa ƙyalli, ga aidin yana walƙiya. An ce ba su da tauri, ga lu'ulu'u, shi ma kabon ne, wanda a cikin duwatsun da ake haƙowa babu mai taurinsa. An ce zafi ba ya bi ta cikinsu, alhali shi wannan lu'ulu'un ya ninka jan ƙarfe kusan sau biyar wajen gudanar da zafi. Yaron da ya haddace layi takwas sai ya sake haddace togaciya goma sha wani abu, kuma babu abin da ya haɗa wannan da waccan a kansa. In ya manta ɗaya, ta tafi ke nan, ba shi da igiyar da zai jawo ta.

Ɓangaren dama na allon nan ya fi ba ni haushi, domin ba rukuni ba ne na gaskiya, ragowa ce. A cikin sinadaran asali 118 da aka sani, sama da 90 ƙarafa ne. 'Yan kaɗan ɗin da suka rage aka tattara su aka ba su suna da abin da ba su ba ne. Goma sha ɗaya daga cikinsu iska ce a yanayin ɗaki, ɗaya ruwa ne, wato buromin, sai 'yan daskararru kamar kabon, farar wuta, fosfaras da aidin. Mene ne ma'anar ka koya wa yaro cewa "waɗanda ba ƙarafa ba suna farfashewa in an buge su", bayan mafi yawansu iska ce? Wa ya taɓa dukan oksijin da guduma? Kuma a gida ɗaya aka ajiye fulorin, wanda da wuya ya haɗu da wani abu bai ci shi ba, da agon, wanda kusan ba ruwansa da kowa. Su ne kuma 'yan tsirarun da aka gina mu da su: oksijin, kabon, haidirojin da naitirojin su kaɗai sun kai kusan kashi 96 cikin ɗari na nauyin jikin mutum. Amma a darasinmu abin da yaro ya sani game da su shi ne ba sa amo.

Masanan da suka gina wannan ilimin ba su ɓoye waɗannan abubuwan a ƙasan shafi ba. A kansu suka tsaya, kuma daga nan ma'anar ƙarfe ta yi ta gyaruwa. An daɗe ana jinkirin sa zaiba a sahun ƙarafa na sosai don ba ta bugawa, har sai da aka daskarar da ita cikin sanyin birnin San Fitasbag na Rasha a ƙarshen 1759, aka ga tana bajewa a ƙarƙashin guduma kamar dalma. A 1807 Humphry Davy ya yi amfani da wutar lantarki a Landan ya ware fotasiyam da sodiyam, sai gardama ta tashi: abu mai ƙyalli, mai ba wuta hanya, amma ya fi ruwa sauƙi, za a kira shi ƙarfe kuwa? Kafin lokacin, nauyi na daga cikin manyan shaidun ƙarfe. Ƙarshe dai shaidar ce ta faɗi, sodiyam ya zauna. Wato shekara fiye da 200 ke nan da masana suka yarda cewa nauyi ba sharaɗi ba ne, mu kuma har gobe muna rubuta shi a allo a layi na uku.

Labarin galiyam ya fi kowanne daɗi a wurina. Dimitri Mendeliyef ya fitar da jadawalin sinadarai a 1869, ya bar gurabe, ya ce akwai sinadaran da ba a gano ba tukuna, har ya faɗi yadda wasunsu za su kasance. A 1875 wani masani a Faransa, Lecoq de Boisbaudran, ya gano ɗaya daga cikinsu ya sa masa suna galiyam, ya auna nauyinsa ya samu ya ninka na ruwa sau 4.7. Mendeliyef, wanda bai taɓa riƙe ƙarfen a hannu ba, ya aika cewa a sake awo, ya kamata ya kai wajen 5.9. Da aka ƙara tace shi aka sake aunawa, sai ga 5.9. Mutumin nan bai yi duba ba. Tsari ya gane, tsarin ya ba shi ikon faɗin abin da bai gani ba. Wannan ikon shi ne ribar darasin gaba ɗaya, kuma shi ne ainihin abin da hadda ba ta bayarwa.

To mene ne dalilin da na hana yarinyar nan? Ba shi da tsawo. Kowace ƙwayar atam tana da ƙwayoyin elektiron da ke kewaye da ita, na can waje su ne ke hulɗa da maƙwabta. Atam ɗin ƙarfe riƙon sakainar kashi yake wa nasa na waje, yawanci guda ɗaya zuwa uku. In suka taru da yawa, kowa sai ya saki nasa, su zama na kowa da kowa, suna kai-komo cikin dunƙulen baki ɗaya, su kuma atam ɗin suna jere a sahu-sahu a tsakiyarsu. J. J. Thomson ya gano elektiron a 1897, shekara uku bayan haka Paul Drude a Jamus ya kawo wannan bayanin. An gyara shi sosai daga baya, amma ga ɗan sakandare ya wadatar, kuma ya isa ya ɗauki kusan duk layukan hagu a wuyansa. Ka haɗa batir, waɗannan sakakkun elektiron su doshi gefe ɗaya: wutar lantarki ke nan. Ka ɗora bakin cokali a wuta, su kwashi zafin su kai maka shi hannu. Haske ya faɗo, su mayar da shi: ƙyalli ke nan. Ka sa guduma, sahu ɗaya ya zame a kan ɗaya ba tare da komai ya tsinke ba, domin abin da ke riƙe da su ba a ɗaure yake tsakanin wannan da wancan ba, ko'ina yake. Shi ya sa giram ɗaya na zinariya ake iya buga shi ya baje ya rufe kusan murabba'in mita guda. Har halinsu wajen haɗuwa da wasu sinadarai daga nan ya fito: wanda ya saba sakin elektiron ɗinsa, in ya gamu da oksijin ko kulorin mai ƙwace, ba ya gardama.

Siffa biyar, dalili ɗaya. Ruwa ba ya tsami banza.

Na samu hanyar nuna wannan ba tare da na sayi komai ba. Ina fito da yara goma sha biyu gaban aji, su tsaya sahu uku, kowa riƙe da murfin biro: yaran su ne atam, murafun su ne elektiron. Karo na farko ina cewa kowa ya kama hannun maƙwabcinsa gam, murfin na damƙe a tsakanin tafukansu. Sai in ce sahun gaba ya matsa taku ɗaya dama. Ba ya yiwuwa sai an saki hannu, sahu ya watse, aji ya ɗauki dariya. Farar wuta ke nan ko lu'ulu'u a ƙarƙashin guduma. Karo na biyu ba mai kama kowa, murafun ne ke ta yawo daga hannu zuwa hannu. Sahun gaba ya matsa, ba abin da ya lalace, murafun na ci gaba da zagayawa. In na tsaya a ƙarshen sahu na miƙa hannu, sai murafun su yi ta gangarowa wurina. Misalin yana da rauni, duk misali haka yake, amma na ga yaron da ba ya iya riƙe layi uku na rubutu ya yi wa abokinsa bayanin dalilin da ya sa waya ke lanƙwasuwa bayan mako biyu da yin wasan.

Yanzu koma kan fensir. Atam ɗin kabon yana da elektiron huɗu a waje. A cikin lu'ulu'u duka huɗun a ɗaure suke, kowane atam riƙe da maƙwabta huɗu, babu ko ɗaya da ya rage yana yawo. Shi ya sa yake da tauri, shi ya sa kuma wuta ba ta bi ta cikinsa. A girafayit kuwa kowane atam maƙwabta uku ya kama, suka yi shimfiɗa-shimfiɗa kamar takardun littafi, elektiron na huɗu ya zama sakakke yana yawo a kan shimfiɗar. Ga abin da ya kunna ƙwan. Su kuma shimfiɗun ba su riƙe juna da ƙarfi ba, suna zamewa su bar baƙi a takarda, abin da ya sa fensir ke rubutu. Sinadari ɗaya tak, tsari biyu, hali biyu da suka yi hannun riga. Girafayit bai karya ƙa'ida ba, shi ne ma babban mai ba ta shaida, in dai ƙa'idar da aka koyar ita ce "inda akwai sakakken elektiron, wuta za ta bi". Jadawalina kawai ya karya. A 2004 wasu masana biyu a Jami'ar Manchesta, Andre Geim da Konstantin Novoselov, suka yi ta ɓare girafayit da salatif har suka samu shimfiɗa mai kaurin atam ɗaya, aka ba su lambar Nobel a 2010. Kayan aikinsu na farko bai fi na yarinyar ajina tsada da yawa ba.

Na san abin da abokan aikina za su ce, don sun sha faɗa mini a ɗakin malamai. Na ɗaya, yaran sun yi ƙanƙanta, ba a kai ga darasin atam ba. Wannan tana da ƙamshin gaskiya, kuma ban ce a soma da zanen atam ga ɗan shekara goma sha ɗaya ba. A soma da hannu. A zube ƙusa, wayar jan ƙarfe, gwangwanin alminiyam, gawayi, dunƙulen farar wuta da bakin fensir a tebur, su taɓa, su goge, su buga, su gwada da batir, su rarraba da kansu. Jadawalin da zai fito daga hannunsu zai yi kama da na littafi, bambancin shi ne sun san daga ina kowane layi ya zo, kuma sun ga inda ya gurgunce. Sai a gaya musu gaskiya: wannan "galibi" ne, dalilin yana nan tafe. Yaro na iya ɗaukar "galibi". Abin da ke ɓata shi shi ne a ce masa "kullum" bana, baɗi a ce masa ƙarya ne.

Na biyu, babu ɗakin gwaje-gwaje. A wasu darussan wannan uzuri ne mai ƙarfi, a nan kam bai kai ba. Tsohon batir irin na tocila shi kansa darasi ne: gwangwaninsa tutiya ne, sandar da ke tsakiyarsa kabon ce, ƙarfe da wanda ba ƙarfe ba suna aiki a gida ɗaya, kuma ta cikin kowannensu wuta ke bi. Guntuwar wayar jan ƙarfe ma haka. Ka ba yaro ya yi ta lanƙwasa ta gaba da baya, zai ji wurin yana ƙara tauri a hannunsa, yana ɗumi, daga ƙarshe ya karye. Maƙera a ko'ina cikin duniya sun san wannan tun kafin a san atam, shi ya sa suke mayar da aiki wuta in ya ƙi guduma. Abin da kawai zan ja kunne a kai: batir, ba soket ɗin bango ba. Sodiyam kuma ba abin wasa ba ne, a cikin kananzir ake ajiye shi don kada ya taɓa ruwa ko iska, wanda bai samu horo ba ya nuna bidiyonsa ya huta. Zaiba guba ce, kada a buɗe ta a aji ko da an samu. Farar wuta in za a ƙona ta, ɗan mitsitsi, kuma a waje, don hayaƙinta na shaƙe ƙirji.

Na uku shi ne mai nauyi: jarrabawa. Malami na koyar da abin da za a tambaya, ba laifinsa ba ne. Muddin takardar tambaya na cewa "kawo siffofi huɗu na ƙarafa", malamin da ya ɓata mako guda kan dalili zai ga kamar ya cuci ɗalibansa. A nan masu tsara manhaja da masu fitar da tambayoyi ne ke riƙe da wuƙa da nama. Tambaya ɗaya in aka canza mata fuska ta isa ta canza yadda dubban malamai ke shiga aji. A ce: "An ba ka wani abu baƙi mai ɗan ƙyalli, wuta na bi ta cikinsa, amma da aka buge shi sai ya marmashe. Ƙarfe ne ko a'a? Kawo hujjarka." Mai hadda zai tsaya cak a nan, wanda ya taɓa riƙe guduma da batir kuwa zai samu abin faɗa ko da bai dace da amsar ba. Ban raina hadda ba. Alamomin sinadarai sai an haddace su, jerin ƙarafa daga mafi zafin hali zuwa mafi sanyi ma yana da amfani a ka. Amma a haddace abin da aka riga aka fahimta, don kada ya zama karatun aku.

Akwai wata matsala ta daban ga yaron da ke tunani da Hausa, kuma littattafan ba su san da ita ba. A bakinmu "ƙarfe" shi ne abin nan baƙi mai tsatsa wanda maganaɗisu ke ja, kuma shi ne sunan dangin gaba ɗaya. Har lokaci ma da shi muke faɗa, daga ƙarfen da ake bugawa a sanar da sa'a. To yaro ya zo aji da wannan hoton a kansa, sai ka ce masa zinariya ƙarfe ce, zaiba ƙarfe ce, kalsiyam ɗin da ke cikin ƙashinsa ma ƙarfe ne. Ba musu zai yi ba, zai rubuta, amma a ransa bai yarda ba. Na sha ganin ɗalibai sun kara maganaɗisu a gwangwanin alminiyam, da bai kama ba suka yanke hukuncin ba ƙarfe ba ne. A cikin ƙarafan da aka saba gani, baƙin ƙarfe da nikel da kobal ne kaɗai ke amsa kiran maganaɗisu. Minti biyar a farkon darasi a raba "baƙin ƙarfe" da "ƙarafa" zai rage wahalar zango guda. A wannan minti biyar ɗin kuma sai a gaya musu cewa ƙusar da ke hannunsu ma ba tsantsa ba ce. Baƙin ƙarfe tsantsa yana da ɗan laushi, kabon kaɗan da aka sa masa ne ya ba shi ƙarfi. In kabon ɗin ya haura kashi biyu cikin ɗari, sai a samu ƙarfen zubi, wanda in ya faɗi da ƙarfi fashewa yake. Wanda ba ƙarfe ba ne ke yanke hukuncin ko ƙarfe zai lanƙwasu ko zai tsage. Ina wannan zai zauna a allon da aka raba biyu?

Sai kuma jemagun, ba su ga tsuntsu ba su ga dabba: silikon, jamaniyam, boron, asenik da 'yan uwansu, waɗanda ke zaune a kan matakalar da ta raba jadawalin sinadarai. Littafi kan ba su layi biyu a ƙarshen babi, malami kuma kan tsallake in lokaci ya ƙure. Abin mamaki, su ne ke cikin aljihun kowa. Taranzisto na farko, ɗan makunnin nan da ke sarrafa wuta a cikin na'urori, da aka ƙera a Amurka a 1947 da jamaniyam aka yi shi, yau kuwa ƙwaƙwalwar kowace wayar hannu da kwamfuta, da mafi yawan faifan sola, silikon ne, wanda ake cirowa daga yashi. Amfaninsa duka ya fito ne daga zamansa a tsakiya: yana ba wuta hanya kaɗan, kuma ana iya sarrafa wannan kaɗan ɗin. A nan ma akwai gwajin da ya fi ƙyalli da amo aminci. Ƙarfe in ya yi zafi, wuta na ƙara wahalar bi ta cikinsa, don atam ɗin na karkarwa suna tare hanya. Silikon in ya yi zafi sai hanya ta ƙara buɗewa, don zafin na kwance wasu elektiron da ke ɗaure. Ita kanta iyakar ba katanga ba ce. Kuza, ƙarfen da kowa ya yarda da shi, in ya daɗe a sanyin da ya gaza digiri 13, yana iya rikiɗewa ya zama toka-toka mai marmashewa.

A ɓangaren haɗuwar sinadarai ba zan daɗe ba, labarin ɗaya ne. A ƙona zirin magniziyam, ya ba da farin haske mai kashe ido, a jiƙa tokarsa, jar takardar litmos, wadda ake gwada asid da kishiyarsa alkali da ita, ta koma shuɗiya. A ƙona farar wuta, a narkar da hayaƙin a ruwa, shuɗiyar takarda ta koma ja. Yara na son wannan, kuma ƙa'idar da ke fitowa mai kyau ce: tokar ƙarfe alkali, ba na kotu ba, ta wanda ba ƙarfe ba kuma asid. Sai dai a bar ƙofa a buɗe, don ta alminiyam da ta tutiya suna amsawa ga asid da alkali duka, ruwan sha kuwa, wanda shi ma haɗin haidirojin da oksijin ne, ba ya juya takardar ko ta wane gefe.

Yanzu in zan fara wannan babin ba na taɓa allo a rana ta farko. Kwali nake shigowa da shi, in juye a tebur, in raba batir da waya, in ce su ware mini kayan gida biyu su kuma kare rabonsu. Hayaniya ake yi, darasin kan ci kwana biyu maimakon ɗaya, kuma kullum sai an samu wanda ya kawo abin da ban shirya masa ba. A zangon da ya wuce wani yaro ya zuba gishiri a murfin kwalba ya tsoma wayoyin, da ɗan ƙwan nan na zamani mai cin wuta kaɗan. Shiru. Ya ɗiga ruwa daga gorarsa ya motsa da biro, sai ƙwan ya kama.

Ya ce, "Malam, ai babu ƙarfe a nan. Ko akwai?"

Na ce masa rabin atam ɗin da ke cikin gishiri sodiyam ne, amma ba ta hanyar da waya ke ɗaukar wuta ruwan gishiri ke ɗauka ba, kuma a manhaja wannan sai zango mai zuwa. Na ba shi alli ya rubuta tambayar da hannunsa a kusurwar allo, na ce wa mai share allo kada ya taɓa wurin. Ba mu jira zango mai zuwa ba, ranar Alhamis ɗin da ta biyo muka ɗauko ta.